Giwa a garin wani zomo ce: makomar ƙungiyoyin jami'o'in Amurka da suka koma rukunin manya

Ran 5 ga watan Satumba na shekara ta 1992 ƙungiyar jami'ar Akansas ta fito fili a gida, domin wasanta na farko tun da ta bar tsohon rukuninta na Southwest ta koma SEC, rukunin jami'o'in kudu maso gabashin Amurka. Abokiyar karawar ba wata babba ba ce. Sunanta Citadel, ƙaramar makarantar soja, wadda ma ba a ajin manya take wasa ba. Irin waɗannan makarantu akan gayyace su ne a biya su, su zo su sha kashi, domin masu gida su motsa jini kafin a shiga wasa na sosai. Aka tashi Citadel tana da maki 10, Akansas tana da 3. Kashegari mai horo Jack Crowe ya rasa aikinsa.

Ba ƙarfin SEC ne ya jawo wannan abin kunya ba, amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Akansas ta ɗauki kambin Southwest a 1988 da 1989. A sabon rukuni kuwa ta kai wasan ƙarshe sau uku, a 1995 da 2002 da 2006, aka kayar da ita duka ukun, kuma har ƙarshen shekara ta 2025 ba ta taɓa ɗaukar kambin SEC ba. Duk da haka babu wani shugaban jami'ar da ya nemi a koma baya, ko da yake ma babu inda za a koma: rukunin Southwest ya watse a 1996.

Wasan da ake magana a kansa ba balo ba ne da aka sani a filayen Maraɗi da Damagaram. Ƙwallon Amurka ne, mai siffar ƙwai, wanda ake rungumewa a ƙirji a ruga da shi, ko a jefa wa abokin wasa, mutum 11 suna neman kutsawa, 11 suna tare hanya da ƙarfin jiki. Ƴan wasan ɗalibai ne, amma filin jami'ar Mishigan yana ɗaukar fiye da mutum dubu 107. Kowace ƙungiya wasa 12 kawai take yi a shekara, daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, 8 ko 9 daga ciki da ƴan rukuninta. Saboda haka faɗuwa biyu ko uku sun isa su ɓata shekara. Wadda ta ci wasa 6 tana samun gayyata zuwa wasan biki na ƙarshen shekara, kamar Rose Bowl ko Sugar Bowl ga waɗanda suka yi fice.

Abin da zai ba mai bin balo mamaki shi ne babu hawa babu sauka. Ƙungiya ba ta shiga rukunin manya don ta zo ta ɗaya a na ƙanana, kuma ba a korar ta don ta zo ta ƙarshe. Gayyata ake yi, shugabannin jami'o'in rukunin su kaɗa ƙuri'a. Abin da suke dubawa kuwa, tun daga 1984, shi ne kuɗɗin telebijin. A wannan shekara ce kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci, a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka kai, cewa hukumar NCAA ba ta da ikon riƙe cinikin nuna wasanni ita kaɗai. Daga nan kowane rukuni ya zama kamar kamfani mai sayar da hajarsa. A 2022 rukunin Big Ten ya sa hannu kan kwantaragi na shekara 7 da tashoshin Fox da CBS da NBC, na fiye da dala miliyar 7. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwa ba. In an juya ta zuwa sefa, ta fi kasafin kuɗɗin Nijar na shekara guda. Sunan Big Ten na nufin manya goma, amma tun 2024 jami'o'i 18 ne a ciki.

Ke nan ma'ajin jami'a ba shi da ta cewa sai hamdala. Ƴan wasa ne ke biyan bashin a fili.

Shekaru uku na ƙishirwa

Jami'ar Yuta ita ce misalin da ya fi fito da yadda abin yake tafiya. Tana rukunin Mountain West, na matsakaita, ta gama shekara ta 2004 ba a kayar da ita ba, ta sake yin haka a 2008, har ta doke Alabama da maki 31 da 17 a Sugar Bowl. Mutane suka ce wannan ƙungiya ta fi ƙarfin inda take. A 2011 ta shiga Pac-12, rukunin manyan jami'o'in yammacin ƙasar. Shekarar farko ta ci 8 ta faɗi 5. A 2012 ta ci 5 ta faɗi 7, a 2013 ma haka.

Jami'ar TCU ta garin Fort Worth a jahar Tekzas ta bi sawu ɗaya. Da rukunin Southwest ya watse an bar ta a baya, ta yi shekara 16 tana yawo daga wannan ƙaramin rukuni zuwa wancan. A 2010 ta cinye wasanninta 13, ta rufe da doke Wiskonsin 21 da 19 a Rose Bowl. Ta shiga Big 12 a 2012, ta ci 7 ta faɗi 6. Shekarar da ta biyo ta ci 4 ta faɗi 8.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙaramar ƙungiya mai kyau tana iya tara mutum 22 da za su yi kafaɗa da kafaɗa da na kowa, 11 na kai hari, 11 na tsaron baya. Da su take doke babba a wasa guda, bayan ta yi wata ɗaya tana shiri. Amma wannan wasa ne mai cin jiki. Ƙattan da ke layin gaba, waɗanda da yawansu sun haura kilo 130, suna gwabzawa sau sittin ko saba'in a yini ɗaya. A ƙaramin rukuni akwai makonnin hutawa, inda tun kafin rabin lokaci an gama da abokin karawa, a fitar da manya a sa yara. A rukunin manya kowace Asabar yaƙi ce. Kafin watan Nuwamba wani ya karye, wani gwiwa ta tashi, sai a waiwaya benci a ga wanda zai canje shi bai kai ba. Har zuwa 2024 kowace jami'a ɗalibai 85 take da izinin ɗaukar nauyin karatunsu don wannan wasa. Bambancin babba da ƙarama ba a mutum na ɗaya ko na goma yake ba, yana wajen na arba'in da na hamsin. Cike wannan giɓi kuwa sai an ɗauki sababbin yara daga makarantun sakandare shekara uku ko huɗu a jere, da sunan sabon rukuni da kuɗɗinsa, an ciyar da su, an horar da su sun yi ƙwari.

Jami'o'in nan biyu sun gane haka, ba su taɓa masu horonsu ba. Gary Patterson na TCU ya sake fasalin harinsa, a 2014 ƙungiyar ta ci 12 ta faɗi 1, ta raba kambin Big 12 da Baylor. Kyle Whittingham, wanda ya karɓi Yuta tun 2005, ya daɗe fiye da haka: ya kai wasan ƙarshe na Pac-12 a 2018 da 2019 ya faɗi, sa'an nan ya ɗauki kambin a 2021 da 2022. Shekara goma ke nan cur bayan shiga. Ita TCU har wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya ta kai, a watan Janairu na 2023, inda Jojiya ta nuna mata ruwa ba sa'an kwando ba ne, 65 da 7. Akwai manya, akwai kuma manyan manya.

Ba kowa ne ke shan wannan ƙishirwa ba. Wanda ya zo da guzurinsa ba ya jiran tuwon masu gida. Penn State ta fara wasa a Big Ten a 1993, a 1994 ta cinye wasanninta 12. Virginia Tech ta shiga ACC a 2004 ta ɗauki kambi a shekarar, ta ƙara a 2007 da 2008 da 2010. Oregon ta shiga Big Ten a 2024 ta ɗauki kambi ba tare da faɗuwa ko ɗaya a rukunin ba. Waɗannan dama manya ne, gida kawai suka sake. Sai dai ko a cikinsu ana samun ta-ɓare: Mayami, zakarar ƙasa a 2001, ta shiga ACC rana ɗaya da Virginia Tech, kowa yana zaton za ta mallake rukunin, amma shekara ashirin suka wuce ba ta ɗauki kambinsa ba.

Akwai kuma waɗanda farkon ya yi wa daɗi har ya ruɗe su. Texas A&M ta shiga SEC a 2012, ta je har gidan Alabama, wadda ke ta ɗaya a ƙasa, ta doke ta 29 da 24, ɗan wasanta Johnny Manziel ya karɓi lambar Heisman ta gwanin shekara. Masu hannu da shuni na jami'ar suka buɗe bakin aljihu, aka faɗaɗa fili ya haura mutum dubu 100. A ƙarshen 2017 aka ɗauko mai horo Jimbo Fisher kan dala miliyon 75 na shekara goma, daga baya aka ƙara masa. A 2023 aka sallame shi, da alkawarin biyan shi fiye da dala miliyon 75 na ragowar kwantaragi, wato sama da sefa miliyar 40, don kawai ya tafi gida. Kambin rukuni na ƙarshe da jami'ar ta ɗauka shi ne na Big 12 a 1998.

Abin da Nebraska ta bari a baya

Labarin da ya fi ciwo shi ne na Nebraska. Jaha ce ta manoman masara, mutanenta kusan miliyon 2, ba ta da wata babbar ƙungiyar ƙwararru, saboda haka ƙungiyar jami'a ita ce abin alfaharin kowa. Tun 1962 ba a yi wasa a gida ba face an sayar da tikiti kakaf, kuma ranar wasa mutanen da ke cikin fili sun fi na kowane gari a jahar in ban da biyu. Ta zama zakarar ƙasa sau biyar: 1970, 1971, 1994, 1995 da 1997, ukun ƙarshe a hannun Tom Osborne.

A 2011 ta bar Big 12 ta koma Big Ten. Tana da hujja: rukunin Big 12 yana tangal-tangal a lokacin, an kuma gaji da yadda jami'ar Tekzas ke juya al'amura. A shekara ta biyu ta kai wasan ƙarshe, Wiskonsin ta yi mata 70 da 31. Tun daga ranar ba ta sake kaiwa ba. A 2014 aka kori Bo Pelini, mutumin da ya yi shekara bakwai bai taɓa cin ƙasa da wasa 9 ba, don an ce 9 ba ta isa ba. Wanda ya gaje shi, Mike Riley, an kore shi a 2017. Aka ɗauko ɗan gida, Scott Frost, wanda ya jagoranci ƙungiyar a fili a 1997, shi ma aka kore shi a 2022. Daga 2017 zuwa 2023, shekara bakwai a jere, faɗuwar Nebraska ta fi cinta yawa. Sai a 2024 ta sake ganin wasan biki.

Adalci ne a faɗi cewa gangarar ta fara tun kafin ƙaura, domin kambin rukuni na ƙarshe da ta ɗauka na 1999 ne. Amma a 2009 da 2010 tana kai wa wasan ƙarshe na Big 12, tazarar faɗuwarta kuma maki ɗaya ne da maki uku. Abin da ƙaura ta raba ta da shi ba ya cikin takardar kwantaragi. Jaha mai mutum miliyon 2 ba ta haifar ƴan wasan da za su ishi babbar ƙungiya, dole a nemo daga waje. Tana Big 12, mai horo yana iya shiga gida a Tekzas, inda ƴan wasa suka fi yawa, ya ce wa uwa da uba: za ku riƙa ganin ɗanku, domin muna zuwa nan wasa. Da aka koma Big Ten wannan magana ta mutu. A jahohin sabon rukuni kuwa, kamar Ohayo da Mishigan, ta tarar da masu gida sun riga sun kama rumfunan bakin hanya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin kasuwar da ya san dillalanta ya koma wadda ta fi girma ya san irin wannan asara. Ta kuma rasa tsofaffin abokan hamayya irin Oklahoma da Kolorado, waɗanda karawa da su ita ce ke sa yaro ya yi mafarkin sa jar riga.

Ita Kolorado, wadda ta bar Big 12 a shekara ɗaya da Nebraska ta nufi Pac-12, ta ci 3 a 2011, ta ci 1 a 2012. In ban da 2016, da ta ci 10, ba ta ga wani abin kirki ba, har ta koma Big 12 a 2024. West Virginia kuma ta shiga Big 12 a 2012 ta tarar abokiyar wasanta mafi kusa tana nesa da kilomita wajen 1,400, kamar daga Yamai zuwa Difa.

An gayyace ta don maƙwabtanta

Rutgers ta jahar New Jersey tana da tarihi, don ita da Princeton suka yi wasan jami'o'i na farko a 1869. Amma ba tarihi ne ya sa Big Ten ta gayyace ta ba a 2014, ita da Maryland, ba kuma ƙarfi ba. Rukunin yana da tashar telebijin tasa tun 2007, kuma kuɗɗin da kamfanonin waya ke biyan tashar kan kowane gida sun fi yawa a yankin da rukunin ke da jami'a. Rutgers tana bakin birnin Niyok, Maryland tana bakin Washinton. Gidajen ake so.

Shekarar farko Rutgers ta ci 8, aka ce ashe za ta iya. A 2016 gaskiya ta yi halinta. Ohio State ta yi mata 58 da nema, mako guda bayan haka Mishigan ta zo har gida ta yi mata 78 da nema, Michigan State ta yi mata 49, Penn State 39. Wasa huɗu, maki 224, ita ko ɗaya ba ta samu ba. Daga baya ta jera faɗuwa 21 a wasannin rukuni, sai a Oktoba na 2020 ta karya wannan jeri. Wani abin takaici, yarjejeniyar shigarta ta tanadi cewa sai ta yi shekara shida kafin ta fara karɓar cikakken rabo. Wato a daidai lokacin da take bukatar kuɗɗi don ta kamo manya, ita ce mai ƙaramin kaso a cikinsu, har sai da ta ci bashin rabonta na gaba. Shugabannin da suka sa hannu za su ce sun ceto jami'ar daga rukunin da ke rushewa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma yaran da suka tsaya a fili ranar 78 da nema ba da su aka yi shawara ba.

Ƙaurar baya-bayan nan ta maimaita darasin. A 2023 jami'o'i huɗu suka hau zuwa Big 12: Sinsinati, Houston, UCF da BYU. Sinsinati ta cinye wasanninta 13 a 2021 har ta shiga cikin huɗun da suka nemi kambin ƙasa. A shekarar farko a sabon rukuni, bayan mai horonta Luke Fickell ya tafi Wiskonsin, ta ci 3 ta faɗi 9. In aka haɗa su huɗun, wasa 8 suka ci a rukuni, suka faɗi 28. Oklahoma, wadda ta ɗauki kambin Big 12 sau 14, ta shiga SEC a 2024 ta ci 2 cikin wasannin rukuni 8. Har Yuta, da Pac-12 ta watse ta koma Big 12 a 2024, masana suna cewa ita za ta ɗauki kambi, sai ga ta da ci 5 faɗuwa 7.

Abin da ya sake shi ne tsawon jira. Tun 2021 ɗan wasa yana iya barin jami'a ya koma wata ya fara wasa nan take, yana kuma iya karɓar kuɗɗi da sunansa. Daga 2025 jami'o'in da kansu suna biyan ƴan wasa. Benci da a da sai an yi shekara huɗu ana renonsa, yanzu mai kuɗɗi yana iya sayensa cikin wata biyu. BYU ta tashi daga ci 5 a 2023 zuwa ci 11 a 2024. Jami'ar SMU ta garin Dallas ta fi kowa nuna inda aka dosa: don ACC ta karɓe ta, ta yarda ta yafe rabonta na telebijin har shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ɗauki nauyin giɓin. A shekarar farko, 2024, ta kai wasan ƙarshe na rukunin, ta kuma shiga cikin 12 da suka nemi kambin ƙasa. Hanyar da ke kawo ƴan wasa kuwa ita ce ke fitar da su, domin jami'ar da ba ta da attajirai tana renon yaro ne kawai don wata ta zo ta ɗauke.

Mai tambaya zai ce, in haka ne me ya sa ba a cika jin wadda ta ƙi gayyata ba? Amsar tana wajen waɗanda ba a gayyata ba. A 2024 jami'o'i goma cikin 12 na Pac-12 suka watse zuwa wasu rukunai, Oregon da Washington ma da kusan rabin rabo suka yarda suka shiga Big Ten. Aka bar Oregon State da Washington State su biyu a kango. Oregon State ta ci wasa 10 a 2022, ta ci 8 a 2023. Kafin wannan shekara ta ƙare mai horonta Jonathan Smith, tsohon ɗan wasanta, ya tattara ya tafi Michigan State, manyan ƴan wasa da dama suka kama gabansu. A 2024 ta ci 5, a 2025 ta ci 2.